Baba Ya Ce Kada a Gaya wa Yaya

Na Allah ne mu, gare shi kuma za mu koma, Baba dai ya riga mu tafiya. Ya cika ne jim kaɗan bayan sallar asuba, a ɗakinsa na gidanmu da ke Gidan Dare, bayan ciwon ƙirji da bai daɗe yana fama da shi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ranar da ya rasu ƙofar gidanmu ba ta ɗauki mutane ba. 'Yan kasuwar albasa sun rufe rumfunansu sun zo, domin a cikinsu ya tsufa. Direbobi da 'yan kamasho sun zo daga tasha saboda ƙanensa, Baffa, wanda yake da bas-bas masu zuwa Gusau da Zariya. Maƙwabcinmu malamin makaranta, Kirista ne mutumin Filato, ya tsaya can gefen sahu da hula a hannu yana kuka kamar shi aka yi wa mutuwar. Wani tsoho cikin 'yan albasa ya share ido ya ce, "Yau wa za shi ƙara yi muna zancen jirgi?" Mutane suka yi dariya, sannan kowa ya ji kunyar dariyar ya sunkuyar da kai.

Wannan ita ce ranar Baba kaɗai, ita ma ba ta kai magariba ba. Washegari gaisuwa ta canja. Mutum zai durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" kafin ka amsa ya ɗora, "An ji labarinta?" Yanzu ma ba sa tsayawa kan ta farkon. Kai tsaye ake tambayar Yaya, babbar yayata, 'yar farin Baba, wadda ke aure a Zariya. Ta hau bas da safiyar rasuwar don ta zo jana'izar mahaifinta, har yau da nake rubutun nan ba ta iso ba. 'Yan bindiga sun tare motarsu bayan sun wuce Funtuwa, suka shiga daji da su.

Ban ga laifin kowa ba, mai rai ake nema. Ni kaina ba na barci, ba na cin abinci, wayata ba ta barin hannuna ko alwala zan yi. Amma wallahi yana ci mini rai a ce mutum kamar Baba an shafe zancensa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Shi ya sa na zauna a zaure tsakanin zuwan masu gaisuwa nake rubuta abin da na sani game da shi. In ban yi haka ba zan haukace da jira.

Duk wanda ya san Baba ya san shi da maganar jirgin ƙasa. Yana saurayi ya yi dakon fatu da gyaɗa zuwa Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya ƙare, a loda a tarago a yi kudu da su. Sau da yawa shi ma ya bi kayan. Daga nan ciwon ya kama shi. Bai taɓa yafe wa waɗanda suka shimfiɗa layin ba da suka tsaya a Ƙaura, bai kuma yafe wa duk gwamnatin da ta biyo baya ba da ta kasa ƙaraso da shi Sakkwato.

Kullum bayan la'asar akwai tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, akwai Baba, akwai Baffa in ya taso daga tasha. Baba zai ɗauki sandarsa ya ja layi a ƙasa.

"Nan Zariya ta. Nan Gusau. Nan Ƙaura, nan anka aje shi anka manta da mu. To mi ar rage? Ɗan tsakanin ga na. A jawo shi ta Mafara, shi shigo gari, shi wuce Kalambaina shi ɗauki siminti. Shi ke nan hwa!"

Baffa zai kwashe da dariya ya ce, "Alhaji, tun ina yaro anka ce jirgi na tahe. Ga ni da hurhura. Ni motata gobe da sahe za ta tashi, naka yaushe?"

"Kai, Direba, rufa min baki."

"Ba ni rufewa. Jirginka na shiga ƙauye? Na ɗauko mai naƙuda daga ƙofar gidanta? Ka san bakin mutum nawa ka ci ga mota guda? Direba, kwandasta, ɗan kamasho, bakanike, har mai tuwon tasha. In gwamnati na da abin kashewa ta sawo motoci, ta gyara hanya, kowa shi samu yau. Kuma jirgin naka ai shi ma an taɓa tare shi, ko ba ka ji ba?"

Nan Baba yake tashi zaune sosai. Zai ce kowace gwamnati ta zo sai ta sayo bas-bas, a shafa musu sabon fenti, a yi taro a tafa, damina biyu ka same su a bayan ofis awaki na kwana ƙarƙashinsu. Zai ce tirelolin siminti su ke farfasa kwalta, ramin da suka bari shi ke sa direba ya taka birki, inda ya taka birki kuma nan ɓarayi ke jira. Jirgi layi ɗaya ne, in an ga dama a tsare shi za a iya, amma wa zai tsare kowace mota a kowane rami? Ya kan ƙare da albasa: sau nawa lodinsa ya ruɓe a hanya don mota ta lalace, ko don direba na da bazawara a Mafara.

Gaskiya ni a bayan Baffa nake. Ban taɓa ganin jirgin ƙasa yana tafiya da idona ba sai a waya. Nakan ce, "Baba, ranar da jirgin nan zai zo ni zan saya maka tikiti." Sai ya harare ni ya ce, "Auta, kai da ba ka san komi ba sai ɗinki, koma ga kekenka." Ni tela ne, shagona na kan Sama Road, shi ya kama mini shi.

Sau ɗaya wasan ya zama faɗa na gaske. Wasu jami'ai sun tara shugabannin kasuwa da na tasha don jin ra'ayinsu kan abin da ya fi dacewa a sa a gaba. Baffa ya yi magana, ya iya baki, aka tafa masa. Baba ya tashi ya fara jawabin Ƙaura da Mafara, matasa suka fara ƙus-ƙus suna dariya, wani ya ce a ba tsoho ruwa ya sha. Ran Baba ya ɓaci. Ya juya ya nuna ƙanensa a gaban jama'a ya ce, "Ku masu motoci kun san abin da ka faruwa ga wagga hanya, amma kullum kuna lodin ɗiyan mutane kuna turawa. Ku ji tsoron Allah!" Baffa ya ɗauki hularsa ya fita. Duk azumin shekarar nan bai taka gidanmu ba, ko kunun buɗa baki Inna ta aika sai ya dawo da shi.

Ranar salla bayan an sauko idi, Baba bai ce wa kowa komai ba ya nufi tasha da babbar rigarsa. Ya samu bas ɗin Baffa a fake, ya buɗe gaba ya shiga ya zauna. Aka je aka kira Baffa. Ya zo ya tsaya yana kallonsa. Baba ya ce, "Direba, mi kake kallo? Kai ni gida, jirgina bai zo ba." Haka Baffa ya tuƙo babbar mota da fasinja ɗaya har ƙofar gidanmu, su biyun suna share hawaye suna zagin juna.

Malamin makarantar nan da na ce yana kuka, a tasha Baba ya tsince shi shekarun baya. An turo shi aiki Sakkwato, motarsu ta kwana biyu a hanya, ya iso da mata da jariri ba su san kowa ba, kayansu kuma an wuce da su wani gari. Baba ya je sallamar lodin albasa ya gan su zaune a kan benci. Ya kawo su gida, ya ba su ɗakin zaure har suka samu haya a layinmu. Abin da ya fara ce wa mutumin bayan sun ci abinci shi ne, "Ka gani ko? Da jirgi na, da kayanka na nan." Malamin ya ce tun daga ranar bai taɓa yi masa gardama a kan jirgi ba, ko da kuwa ya gaji da ji.

Akwai abin da ban gane ba sai a 'yan shekarun nan. Yaya 'yar fari ce, Baba kuma mutumin da ne, mai tsananin kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunanta ba. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Ana yaye ta aka ba Gwaggo, yayar Baba, ita ta riƙe ta har ta aurar da ita. In dole ta kama ya ambace ta sai ya ce "waccan", da ta yi aure ta koma "waccan ta Zariya". In ta durƙusa gaishe shi, bango yake kallo ya ce, "An zo lahiya? To madalla." Ya saka takalmi ya tafi masallaci.

Amma duk ranar da aka ce Yaya na hanya, Baba ba ya cin abinci. Zai ce cikinsa ne. Zai zo shagona ya sa a fitar masa da kujera bakin titi wai yana shan iska, a cikin zafin Sakkwato da ke narka kwalta. Ba zai tambaye ni ko ta kira ba. Sai dai ya ce, "Auta, wayarka na da caji?" In na ce ta kira sun wuce Mafara, sai ya ce, "Wa ya tambaye ka?" Can kuma sai ya aika a sayo masa fura.

Da hanya ta ƙara lalacewa, aka fara jin an tare mota yau an tare gobe, sai ya fara aika saƙo ta bakin Inna: a ce wa waccan ta zauna inda take. Salla ta zo, a ce ta zauna. Bikina ya zo, a ce ta zauna. Ya hana Inna zuwa sunan ɗan Yaya na ƙarshe. A daidai lokacin ne kuma maganar jirgi ta zame masa kamar ciwo. Har gidan rediyo yake sa ni in buga masa waya in ana shirin jin ra'ayin jama'a, su kuwa da sun ji muryarsa sun san me zai ce. Mutumin da al'ada ta hana ya ce yana kewar 'yarsa, abin da ya rage masa ya ce a kawo jirgi.

Yaya ba ta ɗauke shi haka ba. Ta sha kirana tana kuka. "Auta, ka gaya min gaskiya, me na yi wa Baba? Kunya daban, ƙi daban. Shekara nawa ban sa shi a ido ba, kullum a ce in zauna." Nakan ce tsoron hanya ne. Ta ce, "Kowa na bin hanyar nan. Motocin ƙanensa ne ma." Na rasa yadda zan yi in nuna mata tsohon nan zaune bakin titi da yunwa, tunda duk ranar da yake yin hakan ita tana cikin mota, in ta iso kuma bango yake kallo.

Ana gobe zai rasu, da yamma, ya ce kowa ya fita ban da ni da Inna. Numfashinsa na fita da ƙyar. Ya kama hannuna, sai na ji ya faɗi wani suna. Na ɗauka ruɗewar ciwo ce, don ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Sunan Yaya ne, na yanka, cikakke. Inna ta toshe baki da mayafi.

Ya ce, "In ta Allah ta kasance, kak ku gaya mata sai an ruhe ni. In an ruhe ni ba ta da abin gaggawa. Ta yi min addu'a daga can, tana isowa. Kak ta hau mota sabili da ni. Auta, ka ji?"

Na ce na ji. Ya sa na maimaita.

Da ya cika, kafin a fara kiran dangi, na ja Gwaggo gefe na gaya mata wasiyyar, don na san ita ce za ta fara ɗaukar waya. Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Kai yaro na, ba ka san ubanka ba. Kunya ta. Tun tana cikin zane haka yake yi, ko da mutuwa ba shi bari a ce ya neme ta. Ni na goya ta. A ruhe ubanta ba ta sani ba, ta ji ga bakin duniya? Da wane ido zan dube ta? Mi dangin mijinta za su ce da mu?"

Na ce, "Gwaggo, wallahi ba kunya ba ce. Sunanta ya kira."

Ta ce, "Zafin ciwo na."

Na roƙe ta, na ɗaga murya har mata suka leƙo, aka ce Auta ba shi da ladabi, gawar ubansa na kwance yana yi wa yayar uban tsawa. Aka kira ni wajen wankan gawa. Kafin in fito Gwaggo ta riga ta buga wa Yaya waya. Yaya ta bar yaranta wurin uwar mijinta, ta ɗauki mayafi da 'yar jaka ta tafi tasha.

Na kira ta na ce ta sauka. Ta ce, "Ko yanzu ma in zauna? Ko gawarsa ba za a bari in gani ba?" Ta kashe wayar. Na sake kira ta ɗauka, ta ce sun kusa Funtuwa, a roƙi liman ya jira ta. Baffa ya je ya roƙa, ya ce motar layinsu ce, ya san direban, yaro ne mai hankali, kafin la'asar suna gari. Liman ya ce ba a son jinkirta gawa, ga zafi, amma ya yarda.

Da azahar wayarta ta daina shiga. Na ce matsalar sabis ce. Baffa ya kira direban, ita ma ba ta shiga. Aka yi la'asar, makara na ajiye a ƙofar gida, mutane na tsaye cikin rana suna satar kallon titi. Liman ya matso ya dafa ni ya ce haƙƙin mamaci ne a kai shi. Muka sallace shi muka ɗauka. Ina cikin kabari ina karɓar Baba, hannuna ɗaya na son ya lalubi aljihu ya ji ko waya na motsi. Allah ya yafe mini, ko addu'ar da na yi masa a wurin ban san me na ce ba.

Muna dawowa aka kira Baffa daga tashar Gusau. An ga motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, takalma a warwatse, daidai wani wuri da kwalta ta fashe dole a rage gudu. Baffa ya saurara har aka gama. Ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa cikin babbar riga, ya ɗora hannu biyu a ka. Tun ranar bai koma tasha ba, motocinsa dai suna ta lodi, don mutane ba su da wata hanyar.

Gwaggo ba ta fito daga ɗaki ba tun da ta ji. Na yi niyyar in shiga in faɗa mata maganar da za ta kashe ta, na kai bakin ƙofa na ji tana kiran sunan Yaya a hankali kamar mai lallashin jariri, sai na juyo. Inna na cikin takaba, ba ta da ikon fita ko ƙofar gida, ta zauna kan tabarma tana jan carbi, duk wanda ya shigo fuskarsa take karanta. Jiya a rediyo na ji ana ta muhawara, wani na cewa a sayo sababbin motoci, wani na cewa a jawo layin dogo, kowa da hujjarsa mai kyau. Na ɗauki rediyon na buga da bango. Ku yi wanda za ku yi mana, don girman Allah! Ko jirgin ne, ko motar ce, ko jaki ne, ku yi ɗaya wanda mace za ta hau ta zo jana'izar ubanta ta iso.

Ɗazu da hantsi, ina tsakiyar rubutun nan, wata baƙuwar lamba ta shigo wayata. Muryar namiji ce, ya ce a ba shi babba a gidan. Na miƙa wa Baffa. Abin da suka tattauna ba zan rubuta ba, har yanzu ba mu san yadda za ta ƙare ba. Baffa ya yi ta roƙo, ya ce a bari mu ji ta ko sau ɗaya mu tabbatar tana da rai. Sai ya miƙo mini wayar da sauri.

"Auta?"

Muryarta ta dishe, da ƙyar na gane ta. Na ce, "Yaya, lafiyarki? Sun taɓa ki? Kin ci abinci?" Sai ta katse ni.

"An rufe shi?"

"An rufe shi, Yaya. Mun jira ki har la'asar."

"Mutane sun zo?"

"Gari duka ya zo."

Na ji tana jan numfashi. Wani na yi mata tsawa daga baya ta yi sauri.

"Auta, kar ka yi min ƙarya. Kafin ya cika, ya tambaye ni?"

Na ce, "Ya kira sunanki."

"Sunana? Baba?"

"Na yanka, da bakinsa. Inna na wurin, ta ji."

Ta fashe da kuka, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba, har da wata 'yar dariya a cikinsa. Tana cewa, "Me ya ce? Auta, me ya ce?" aka fizge wayar.

Allah ka jiƙan Baba, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da mutanen kirki. Ka dawo mana da Yaya da ranta. Sauran maganar kuma, in ta dawo, Inna ta faɗa mata, ni ba zan iya ba.